Zaƙi Ma Yana Tsufa: Yadda Zamani Ke Sauya Zuma Da Nakiya A Katsina

Duk wanda ya saba sayen zuma a Babbar Kasuwar Katsina, ko a 'Yar Kutungu, ko kuwa wajen masu baje kwalabe a bakin masallaci ranar Juma'a, ya san cewa abin da ya kai gida ba lalle ne ya tarar da shi yadda ya ajiye ba bayan 'yan watanni. Wata zumar akan saye ta garau, launinta kamar na shayin da bai ji ganye sosai ba, amma kafin bazara ta wuce sai a ga ta yi duhu ta doshi baƙi. Wata kuwa da zarar hunturu ya kankama sai ta daskare, gindin kwalbar ya yi fari da tsaki-tsaki, kai ka ce sukari aka zuba. Wadda ta fi ɓata rai ita ce ta tsakiyar damina, wadda ke tayar da kumfa, galan ya kumbura, in an kwance murfi iska ta fito da ƙara, wani tsami-tsami ya bugi hanci.

Hukuncin da akan yanke a gida bai cika sauyawa ba: mai zuma ya yi algus. Lalle akwai masu algus, masu narka sukari ko mazarƙwaila su gauraya, kuma ba kaɗan ba ne. Sai dai sau da yawa alhakin bawan Allah ake ɗauka, a zubar da zuma mai kyau wadda aka saya da tsada, a wani gidan kuma a ci gaba da shan wadda ta riga ta lalace da sunan magani. Dukkan sauye-sauyen nan uku suna iya samun zumar da ko ɗigon ruwa ba a ƙara mata ba. Abin da ke aiki a cikin kwalbar shi ne zamani, tare da zafi da laima irin na garin Katsina.

Me Ya Hana Zuma Ruɓewa?

Kafin a fahimci yadda zuma ke tsufa, wajibi ne a san dalilin da ya sa take daɗewa tun farko. Ruwan furen da ƙudan zuma ke tsotsowa daga gawo, ɗorawa, kuka, darbejiya da sauran itatuwa, galibinsa ruwa ne, sau da yawa fiye da rabi. Da za a tara shi a ƙwarya a ajiye, da kwana biyu ya isa ya lalace. Ƙudan kan zuba masa wasu sinadarai daga jikinsu, waɗanda masana ke kira inzayim, watau sinadaran da ke hanzarta rikiɗar wani abu zuwa wani. Ɗaya daga cikinsu, inbatas, yana raba sukarin fure, wanda iri ɗaya ne da na rake, zuwa ƙananan sukari biyu: gulukos da furuktos. Sa'an nan ƙudan su shimfiɗa shi cikin ramukan saƙa, su yi ta fifita da fukafukansu har ruwan ya ƙafe. Sai ya sauko wajen kashi 18 cikin ɗari kana su rufe ramin da kaki. Wannan ita ce nunanniyar zuma. A matsakaicin lissafi tana ƙunshe da furuktos kashi 38, gulukos kashi 31, ruwa kashi 17, ragowar kuma wasu nau'o'in sukari ne da asid da ma'adinai da ɗan furotin.

Kashi 17 ba ƙaramin ruwa ba ne, amma ɗaurarre ne. Ƙwayoyin sukari sun riƙe shi kankan, ba su bar wa kowa ba. Masana abinci suna da ma'auni na musamman na sakakken ruwa, watau wanda ƙananan halittu za su iya amfani da shi, ma'aunin kuwa yana tashi daga 0 zuwa 1. Tsagwaron ruwa yana kan 1, ɗanyen nama yana dab da haka, zuma kuwa tana wajen 0.6. Mafi yawan bakteriya ba su iya yaɗuwa ƙasa da 0.9, yawancin fumfuna kuma sukan tsaya a wajen 0.8. Idan ƙwayar bakteriya ta faɗa cikin zuma, ruwan jikinta ne zai tsiyaye ta cikin tantaninta ya nufi inda sukari ya fi yawa, ta yamushe. Wannan ita ce ƙa'idar osmosis da ake koyarwa a aji, kuma ita ce ke sa yankakkiyar albasa ta yi ruwa in an barbaɗa mata gishiri.

Akwai ƙarin kariya biyu. Zuma tana da tsami wanda zaƙi ya ɓoye, domin a ma'aunin pH tana wajen 3.9, watau ta fi tumatir tsami. Bugu da ƙari, a shekarar 1963 wani masanin Ma'aikatar Gona ta Amurka, Jonathan White, da abokan aikinsa suka tabbatar da cewa wani inzayim na ƙudan zuma yana samar da haidurojin farokzayid kaɗan-kaɗan idan zuma ta haɗu da ruwa, irin sinadarin nan da ake wanke rauni da shi a asibiti. Musulmi dai sun daɗe da sanin darajar zuma wajen waraka daga Suratun Nahli.

Sai dai akwai abin da zuma ba ta kashewa. Wasu bakteriya, irin su Clostridium botulinum, sukan dunƙule cikin ƙoƙo mai tauri su yi barci har shekaru. Hanjin babba yana da isassun ƙwayoyin halitta masu hana su tsira, amma na jariri bai kai ba, kuma idan suka farka a cikinsa sukan fitar da dafi mai shanye jiki. Tun da aka gano wannan cuta ta jarirai a Amurka a 1976, likitoci ke gargaɗin kada a ba yaron da bai cika shekara guda ba zuma, komai kyanta.

Farin Da Ke Gindin Kwalba

Daskarewar zuma ita ce tafi jawo wa masu zuma zagi, alhali kuwa ita ce mafi ƙarancin laifi. Giram 100 na ruwa yana iya narkar da furuktos ninkinsa uku da ɗoriya, amma gulukos da ƙyar yake narkar da kwatankwacin nauyinsa. To ga zuma, ruwa kashi 17 ne ke ɗauke da gulukos kashi 31, watau ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. Ko ba daɗe ko ba jima sai ya sauke, gulukos ya fito a matsayin ƙanƙara, ya taru a kan duk wani ɗan ɓurɓushi na kaki ko garin fure da ya samu. Saurin abin ya danganta da irin furen da ƙudan suka yi kiwo: inda gulukos ya ninka ruwa fiye da sau biyu, zuma kan daskare cikin makonni, inda kuwa bai kai ɗaya da kashi bakwai cikin goma ba, tana iya shekara tana kwarara.

Zafin da ya fi dacewa da daskarewa shi ne wajen digiri 14 a ma'aunin Santigireti, kuma kusan nan ne sanyin daren Katsina ke sauka a watannin Disamba da Janairu. Maganin abin ba wuya: a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, a yi haƙuri. Ɗora ta a kan wuta ɓarna ce, kamar yadda za a gani a gaba. Abin lura ɗaya shi ne, idan gulukos ya kwanta a ƙasa, zumar da ta rage a sama ta fi ta da ruwa, saboda haka kwalbar da ta rabu biyu da hunturu tana iya fara kumfa da zafi ya dawo.

Kumfa

Akwai wani jinsin yis, Zygosaccharomyces, wanda ya saba da zama cikin sukari mai kauri, kuma kusan kowace ɗanyar zuma tana ɗauke da shi daga fure. Muddin ruwan zuma bai wuce kashi 17 ba, ba ya iya motsi. Daga kashi 19 zuwa sama kuwa ya sami ƙofa. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya, Codex Alimentarius, wadda hukumomin abinci da na lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa wa hukuma a 1963, ta iyakance ruwan zuma a kashi 20.

Ta hanya biyu ruwa ke shiga zuma ba tare da mugun nufi ba. Ta farko ita ce wajen ɗiba. Mai amyar gargajiya yakan hau itace da dare da wutar kara, ga duhu ga harbi, ba shi da sararin tantance saƙar da aka rufe da wadda ba a rufe ba. Sai a haɗa duka, har da mai 'ya'ya, a matse wuri guda, ɗanya ta tsinka nunanniya. Amyar zamani mai sanduna a sama, wadda ake ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a duba da rana, babban amfaninta ke nan. Hanya ta biyu iska ce. Zuma tana zuƙar laima da zarar damshin iska ya haura kashi 60 cikin ɗari. A Fabrairu da Maris, sa'ad da damshin Katsina kan faɗi ƙasa da kashi 20, zumar da aka bari a buɗe ƙara kauri ma take yi. A Agusta kuwa labari ya sha bamban, fuskar zumar kan tsotsi ruwa ta tsinke, daga nan yis ya fara aiki ya gangara ƙasa.

Ɗalibin kimiyyar sinadarai zai iya lissafin abin da ke biyo baya. Giram 180 na sukari, idan yis ya cinye, yakan ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar kabon, iskar kuwa a zafin ɗaki ta kusa lita 50. Ke nan giram 10 kacal, abin da bai cika cokalin cin abinci ba, ya isa ya fitar da iska fiye da lita biyu da rabi. Ga dalilin kumburin galan. Daga baya wani sashe na barasar kan rikiɗe ya zama asid irin na khal, shi ne tsamin da ake ji. A ƙasar Habasha da gangan ake tsinka zuma da ruwa a bar ta ta zama abin shan da suke kira tej. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa magidanci cewa zuma mai kumfa ta fara barin matsayin zuma, kuma a cikin sauye-sauyen nan uku ita ce ta cancanci a mayar wa mai ita.

Duhun Bazara

Sauyi na uku shi ne tsufa na haƙiƙa, domin babu wata halitta a cikinsa, kuma ba ya komawa baya. A 1912 wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya lura cewa idan aka ɗumama sukari tare da amino asid, watau tubalan da ake gina furotin da su, haɗin yakan yi ja, ya koma ruwan ƙasa, ya ba da ƙamshi. Sai a 1953 wani Ba'amurke, John Hodge, ya tsara matakan wannan rikiɗa dalla-dalla. Ita ce ke ba tsire launinsa, ita ce ƙamshin soyayyar gyaɗa da ɓawon burodi da ƙanzon tuwo. Abin da wuta ke yi cikin mintoci, shi ne zafin ɗaki ke yi wa zuma cikin watanni, domin tana da sukari jingim, tana kuma da 'yan amino asid, musamman wanda ake kira furolin.

A gefe guda kuma tsamin zuma yana cin furuktos sannu a hankali. Kowace ƙwayar furuktos da ta saki ƙwayoyin ruwa uku sai ta zama wani sinadari mai dogon suna, wanda ake taƙaitawa da haruffa uku, HMF. Sabuwar zuma kusan ba ta da shi. Adadin da ke cikin tsohuwa ba guba ba ne ga mutum, don kuwa gasasshen kofi da busassun 'ya'yan itace sun fi ta nesa ba kusa ba. Amfaninsa ga masana irin na haƙori ne ga dillalin dabbobi a kara: da shi ake karanta shekaru da irin wahalar da aka sha.

Ƙa'idar da ɗalibai suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin rikiɗar sinadarai sau biyu ko uku. A zuma abin ya zarce haka. White da abokan aikinsa sun auna wannan a 1964, ta hanyar bin diddigin wani inzayim na ƙudan zuma mai suna dayastas, wanda ke narka sitaci. A digiri 20, sai an shekara huɗu kafin rabinsa ya mutu. A digiri 30, kwana 200 ne. A digiri 40, kwana 31. A digiri 60 yini guda da kwana ne, a digiri 80 kuwa sa'a ɗaya da 'yan mintoci. HMF ma haka yake hawa: abin da kan ɗauki watanni kafin ya taru a digiri 30, makonni uku zuwa bakwai sun isa a digiri 40, kwana ɗaya ko biyu a digiri 60.

Mai karatu ya ɗora waɗannan alƙaluma a kan Katsina ta watan Afrilu, inda zafin inuwa kan kai digiri 40, balle cikin shagon kwano ko kan tebur a rana ko bayan mota a hanyar Jibiya. Wata guda na irin wannan ajiya ya yi daidai da shekaru a ƙasa mai sanyi. Mafi muni shi ne al'adar dafa saƙa a tukunya don kaki ya taso, wadda ke tsofar da zuma tun ranar da aka ɗebe ta. Zaƙi dai yana nan, amma ƙamshin fure ya tafi, kuma inzayim ɗin da ke samar da haidurojin farokzayid, wanda zafi da hasken rana duk ke kashewa, ya bi shi. Wanda ya sayi zuma don shayi bai yi babbar asara ba. Wanda ya saye ta don miki ko ƙuna, shi ya san abin da ya rasa.

Akwai wani tarihi a nan da ya yi kama da abin da ke faruwa a gidajen Katsina. A 1908 wani Bajamushe mai suna Fiehe ya ƙirƙiro gwajin gano HMF don kama masu algus, saboda sukarin da aka dafa da asid don ya yi kama da zuma cike yake da shi. Gwajin ya kama 'yan damfara, amma ya haɗa da zumar ƙasashe masu zafi wadda rana kaɗai ta taɓa. Shi ya sa a gyaran da aka yi wa ƙa'idar Codex a 2001 aka sa iyakar HMF a miligiram 40 cikin kilo guda, amma aka ba zumar ƙasashe masu zafi damar kaiwa 80. Ya kamata kuma a san cewa ba kowace baƙar zuma ce tsohuwa ba. Wasu furanni baƙar zuma suke bayarwa tun asali, tsohuwar saƙa da hayaƙi su ma suna rina ta. Game da gwajin ashana da ake yi a kasuwa kuwa, iyakar abin da yake nunawa shi ne ko akwai ruwa da yawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai ci wannan jarrabawa cikin sauƙi.

Darasi Daga Turai

Wani babban sashe na abin da aka sani game da tsufan zaƙi, daga nazarin giyar inabi mai zaƙi ta ƙasashen Turai aka samo shi. Musulunci ya haramta giya, kuma ɗalibi ba ya bukatar kusantarta kafin ya amfana da abin da masana suka gano, kamar yadda duniya ke amfana da hanyar ɗumama madara don kashe ƙwayoyin cuta, wadda Louis Pasteur ya fara gwadawa a kan giya a shekarun 1860.

A yankin Sauternes kusa da birnin Bodo na Faransa, akan bar inabi a reshe har wata fumfuna, Botrytis cinerea, ta huda fatarsa, ruwa ya ƙafe, sukari ya yi kauri. Yis yakan gaji tun bai cinye ba, ya bar fiye da giram 100 a kowace lita. A Tokaj ta ƙasar Hungari akwai wani nau'in da sukarinsa ya haura giram 450 a lita, wanda yis kan shekara da shekaru yana fama bai samar da barasar kirki ba. Bangon da ya tare shi shi ne dai wanda ya tare shi a zuma. Irin waɗannan kwalabe suna rayuwa shekaru aru-aru, launinsu na tafiya daga rawaya zuwa ja zuwa ruwan ƙasa, daidai da tafiyar zumar bazara. A 2011 an sayar da kwalba guda ta shekarar 1811 daga gonar Yquem a kan fam 75,000 a Landan.

Labarin tsibirin Madera na ƙasar Fotugal ya fi kusa da Katsina. A ƙarni na 17 da na 18 aka lura cewa gangunan da jiragen ruwa suka ratsa tekuna masu zafi da su, sukan dawo da duhu da wani ƙamshi na daban wanda masu saye suka fi so. Sai mutanen tsibirin suka koma ɗumama kayansu da gangan, a digiri 45 zuwa 50, har wata uku. Watau abin da suke kashe kuɗi su yi, shi ne rufin kwano ke yi wa zuma kyauta. Bambancin kawai, su nema suke yi, mai zuma kuwa asara yake yi.

A cikin sinadaran da ke taruwa a irin wannan tsufa akwai ɗaya da hancin Bahaushe ya sani sarai. Sunansa sotolon. A 1975 aka fara ware shi, daga hulba. Shi ne ƙamshin nan da ke fita a gumin wanda ya sha hulba, domin yakan ratsa jiki bai sauya ba. A 1980 masana a Japan suka gano cewa shi ne kuma ke ba ɗanyen sukarin rake ƙamshinsa, suka raɗa masa suna daga kalmarsu ta ɗanyen sukari. In ya yi yawa, hulba ake ji; in kaɗan ne, ƙamshin ƙonannen sukari. Duk wanda ya shinshina mazarƙwailar Maƙarfi ya kuma shinshina hulba zai ji dangantakar. Mazarƙwaila ma tana da nata tsufan: dafuwa ta raba wani sashe na sukarinta zuwa gulukos da furuktos, su kuwa masu zuƙar laima ne, shi ya sa take jiƙewa ta yi danƙo da damina.

Hikimar Masu Nakiya

Matan ƙasar Hausa sun daɗe da sarrafa waɗannan ƙa'idoji ba tare da sunayensu ba. Nakiya, wadda ba a rasa ta cikin garar amarya tare da alkaki da dubulan, tana iya watanni, har ta zagayo shekara. Garin shinkafar da aka soya ya rabu da ruwansa. Zuma ko sukari sun ɗaure ɗan abin da ya rage. Mai ya lulluɓe komai ya tare laima. Tsofaffi kan ce nakiya sai ta kwana biyu take daɗi, kuma suna da hujja: sinadaran ƙamshi na citta, kanumfari, masoro da kimba a cikin mai suke narkewa, suna bukatar lokaci kafin su ratsa ko'ina, zafin yajin ya kwanta.

Abokin gabar nakiya ba yis ba ne, iskar oksijin ce. Ita ke farmakin mai, ta farfasa shi zuwa ƙananan sinadarai masu warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro. Man gyaɗa ya fi soyayyen man shanu saurin kamuwa, saboda irin kitsen da ke cikinsa. Haske da zafi da ɓurɓushin ƙarfe ko tagulla duk suna hanzarta abin. Kayan yaji kuwa suna jinkirta shi, musamman kanumfari, wanda sinadarinsa yujinol ke cikin mafiya ƙarfi wajen tare oksijin. Mulmula nakiya da danna ta cikin langa mai murfi, a tura ƙarƙashin gado inda ba haske, duk rage mata haɗuwa da iska ne. Ajiyar zuma ma kusan haka take bukata: kwalbar gilashi ko robar abinci mai murfi gam, a cike ta, a sa a ɗakin da ya fi sanyi a gida. Gwangwanin ƙarfe bai dace ba domin tsamin zuma yana cin sa ya baƙanta ta, galan ɗin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari kuwa ba a ma maganarsa.

Iyakar wannan tafiya an gan ta a Italiya. A 1954 masu tonon tarihi suka sami tulunan tagulla a wani wurin bauta na tsohon garin Paestum, waɗanda aka binne tun ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, da wani abu mai danƙo a cikinsu. Gwaje-gwajen farko sun kasa gane shi, har aka zaci kitse ne. Sai a 2025 masana a Jami'ar Oksfod suka sami ragowar sukari da furotin na ƙudan zuma a ciki. Zuma ce, amma bayan shekara 2,500 ta zama dunƙule mai tsami wanda ba mai iya sha.

Gwaji Don Aji

Malamin da ba shi da ɗakin gwaji na zamani yana iya nuna wa ɗalibai yawancin abin da aka bayyana. A sami zuma guda a raba ta cikin ƙananan kwalabe uku masu murfi. A sa ɗaya a gindin randa, ɗaya a kan kanta cikin aji, ɗaya a taga inda rana ke bugawa. Kowace Juma'a a ɗiga kowacce a kan farar takarda, a kwatanta launi, a rubuta kwanan wata. Idan an fara a Maris, kafin ruwan farko ya sauka bambancin zai fito. Da damina kuma a auna nauyin zuma a faranti, a rufe da gidan sauro saboda tururuwa, a riƙa sake aunawa kullum. Ƙarin nauyin ruwan iska ne.

Gwajin dayastas ya fi ƙayatarwa, kuma ba ya bukatar komai sai sitaci da aidin irin na kemis. A dama ɗan sitacin rogo a ruwan zafi ya yi tsararo sosai, a bari ya huce, a raba a kofi uku. A kofi na farko a zuba cokali guda na ɗanyar zuma da aka tsinka da ruwa. A na biyu a zuba irin wannan zumar, amma wadda aka tafasa minti goma. A na uku a zuba ruwan sukari. A jera su cikin kwano mai ruwan ɗumi na wajen digiri 40, a riƙa ƙara ruwan zafi don kada ya huce. Bayan kowane minti goma sha biyar a ɗebi ɗigo daga kowane kofi a haɗa da ɗigon aidin a kan farin faranti. Da farko duka uku za su yi shuɗi mai duhu, alamar sitaci. Da tafiya ta yi tafiya, na kofin farko zai riƙa dusashewa, ya koma ja-ja, daga bisani launin aidin kaɗai ya rage, domin inzayim ya narkar da sitacin. Na biyu da na uku za su tsaya a shuɗinsu. Idan ɗalibai suka kawo zuma daga gidajensu aka jera, za a ga wadda ta share shuɗin cikin sa'a guda, da wadda har a tashi daga makaranta ba ta taɓa shi ba.